Tursunoy-opa da Ma'aunin Zafi Mai Hatimi

Shekara goma sha tara na yi ina ɗinki kusa da Tursunoy-opa, tsakanina da ita bangon katako ne kawai wanda bai kai rufi ba. Ni ina layin masu keke, ita tana ɗakin guga, saboda haka duk tururin da ya tashi daga teburinta sai ya tsallako ya sauka a wuyana. Na san tururinta kafin in san muryarta, don ba mai yawan magana ba ce. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, haƙoranta biyu na gaba na zinariya, hannayenta kuwa duk tabon ƙuna, har ita kanta ta daina tuna wanne ya riga wanne. Ta girme mu duka, shi ya sa kowa ke haɗa sunanta da opa, wato yaya, har waɗanda ke gaba da ita a muƙami.

An haife ta a wani ƙauye da ke bakin babbar magudanar ruwa, a zamanin da gandun gwamnati ke raba wa kowane gida ƙwan tsutsar siliki da zarar itatuwan tut, waɗanda ganyensu ne abincin tsutsar, sun yi ganye. Ɗakin da ya fi kowanne kyau a gidan shi ake share wa tsutsa, ita da ƙannenta da iyayensu su koma rumfa da kwana. Tun tana 'yar shekara tara aka ɗora mata aikin duba ma'aunin zafin da ke rataye a ɗakin. Kada ya sauka ƙasa da ashirin da huɗu, kada ya haura ashirin da bakwai. In ya sauka a hura wuta, in ya hau a jiƙa zannuwa a rataya a taga. Malamin gona kan faɗo gidan a kan babur ba zato, ya wuce yaran da ke tari a rumfa ko kallo ba su ishe shi ba, ya shige wajen tsutsa ya duba ma'auni. Ranar da ya tarar da ashirin da tara, sai da ya tara unguwa ya wanke mahaifinta tas, ya ce masa yana wasa da rayuka. Da wannan tarbiyya ta tashi: abin da ma'auni ya nuna gaskiya ne, abin da aka rubuta a takarda kuma da gaske ake yi.

Tana da shekara goma sha tara ta auri Ergash, direban motar auduga, suka dawo garinmu, ta kama aiki a kamfanin ɗinki. Ergash bai yi tsawon rai ba. Da dutsen guga ta rena 'ya'yansu biyu har ta aurar da su.

Kamfaninmu yana da tsarin da duk mai ɗinkin kasuwa ya sani: kaya sai sun riga lokacinsu. A tsakiyar kwana arba'in ɗin da suka fi zafi a shekara, lokacin da kwalta ke narkewa tana riƙe takalmin mutum, mu muna fama da manyan kwat masu cikin auduga da wuyan gashi, domin mutanen arewa. A kwana arba'in ɗin sanyi kuma, lokacin da yatsu ke ƙin lanƙwasuwa, sai a jibge mana 'yan riguna marasa hannu masu shara-shara. Rufin kwano ne. Tagogin kuwa an buge su da ƙusa tun wata shekara da aka kama wani yana jefa wa ɗan'uwansa wanduna ta nan. Mutumin ya daɗe da rasuwa, amma ƙusoshin suna nan suna tsare wanduna.

Wata shekara sai ga takarda ta zo daga babban birni, shafi goma sha ɗaya, aka liƙa ta a allon sanarwa. A ciki an ce idan zafi a wurin aiki ya wuce talatin da biyu, ko sanyi ya sauka ƙasa da goma sha biyar, dole a rage awoyin aiki. Dole a samar da ruwan sha, da ɗakin hutu, da ma'aunin zafi, kuma ma'aikata su zaɓi wakili daga cikinsu wanda zai riƙa duba ma'aunin sau uku a rana. Yawancinmu mun karanta shafin farko muka wuce, don mun saba ganin takardu suna zuwa su kwana a allo rana ta cinye su.

Alhakin aiwatar da dokar ya faɗa kan Eshkobil-aka, wato yaya Eshkobil, mataimakin darakta mai kula da lafiyar ma'aikata, wani mai tumbi wanda ake jin ƙarar makullansa kafin a gan shi. Shi ya kawo sunan Tursunoy-opa. Sakatariya ta tsegunta mana daga baya cewa ya gaya wa darakta ya samo wadda ko ƙuda ne ya sauka a hancinta sai ta nemi izini kafin ta kore shi, ga shi saura shekara biyu ta yi ritaya. Aka tara mu, aka ce wa ya yarda, muka ɗaga hannu don mu samu mu koma bakin aiki. Ita ma ta koma teburinta. Amma kwana uku a jere, lokacin cin abincin rana, muka riƙa ganinta tsaye gaban allo da gurasa a hannu ɗaya, tana bin layi da yatsan ɗaya hannun, har ta kai ƙarshen shafi na goma sha ɗaya.

Ma'aunin ya iso cikin akwati, kyakkyawa, da hatimin dalma a gindinsa. Aka rataye shi a barandar ofishin darakta, daidai ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Sati guda Tursunoy-opa tana hawa bene sau uku a rana, jiƙe sharkaf da gumi, ta duba, ta rubuta ashirin da uku, don abin da ya nuna ke nan. Ta ce mini sai da ta riƙa jin kunyar alƙalamin. A sati na biyu ta zo da wani abu naɗe cikin ɗankwali. Tsohon ma'aunin ɗakin tsutsa ne, wanda ta gada daga gidansu, katakonsa har ya yi baƙi. Ta rataye shi a ƙusar da take rataye jakarta. Kafin azahar ya kai arba'in da ɗaya.

Ta ɗauke shi ta tafi ofishin Eshkobil-aka, ni da wasu muka bi ta da hujjar za mu karɓo allura.

"Eshkobil-aka, ɗakinmu arba'in da ɗaya."

"In ji wa?"

"In ji wannan."

Ya karɓa ya juya shi gaba da baya kamar mai taya kaza. "Opa, ina hatiminsa?"

"Ba shi da hatimi. Amma bai taɓa yi wa tsutsa ƙarya ba."

"To ke tsutsa ce?"

"Da ni tsutsa ce ai da tuni an turo mutum a kan babur."

Ya yi dariya har makullansa suna kaɗawa, sannan ya yi mata bayani cikin haƙuri, irin wanda ake yi wa tsohuwa. Zafin da doka ta sani shi ne wanda ma'auni mai hatimi ya nuna. Duk wani zafi da ba shi ba, ra'ayin mutum ne. Ta ce to a sauko da mai hatimin zuwa ɗakin guga. Ya ce wurin da aka rataye shi ma an zana shi a taswirar gini, taswirar kuma tana da nata hatimin, canza ta sai kwamiti ya zauna. Ta tambayi wa ke shugabantar kwamitin. Ya ce shi ne. Ta tambayi yaushe za su zauna. Ya ce in Allah ya kai mu bayan tsinkar auduga, lokacin an samu sararin tunani, gari ya yi sanyi.

Kada a ce bai yi komai ba. Ya sa an kafa allo a ƙofar wani ɗaki mai sanyi da ke ƙarƙashin bene, an rubuta Ɗakin Hutun Ma'aikata da jan fenti, ya kulle, ya ƙara makullin a cikin 'yan'uwansa. Wadda ta leƙa ta ramin makulli ta ce kankana ce jibge a ciki, daga gonar surukinsa. Batun ruwan sha kuwa, ya kawo ƙatuwar tukunyar shayi ya girka a tsakiyar layinmu tana tafasa wuni guda, ya ce kakanninmu da shayi mai zafi suka yaƙi rana, kuma ba su san wata doka ba. Sannan ya shirya mana lacca a kan haɗarin zafi. Da yake babu zauren da zai ɗauke mu duka, a fili aka yi ta, ƙarfe ɗaya na rana, shi yana ƙarƙashin laima. Ya yi minti hamsin yana gargaɗinmu kada mu kuskura mu daɗe a rana. Da ya gama kowa ta sa hannu cewa an faɗakar da ita.

Kwana huɗu bayan laccar Hulkar ta faɗi. Ita ce ke teburin da ke kusa da na Tursunoy-opa, mai 'ya'ya uku, mace mai ƙarfi wadda ba ta taɓa fashin aiki ba. Muka ji dim, muka zagayo da gudu, muka tarar da ita a ƙasa fuskarta ta yi jawur, dutsen guga kuma yana kwance a kan wata kwat tana hayaƙi. Eshkobil-aka ya iso, ya fara ɗaga kwat ɗin ya duba girman ƙunar, sannan ya ce a kira nas. Tursunoy-opa ta ce ya ba da makullin ɗakin hutu. Ya lalubi ƙugunsa ya ce wannan makullin kam ya baro shi a gida.

Sai ta durƙusa. Ta saɓi Hulkar a kafaɗa kamar buhun auduga, ta sauka ƙarƙashin bene, ta jingine ta a jikina, ta ja da baya taku biyu ta doki ƙofar da kafaɗa. Ƙofar ba ta yi gardama ba. Muka kwantar da Hulkar a kan siminti mai sanyi tsakanin kankana, muka kwance mata wuya, muka jiƙa ɗankwali muka ɗora mata. Da ta farfaɗo, Tursunoy-opa ta zaɓi kankana mafi girma, ta ƙwanƙwasa ta ji sautinta, ta fasa a gwiwa ta ba ta tsakiyar. Sannan ta fasa ta biyu da ta uku ta miƙa mana. Eshkobil-aka yana bakin ƙofa yana cewa wannan dukiyar mutane ce.

"A ɗakin hutun ma'aikata na same ta, Eshkobil-aka," in ji ta. "Na ɗauka tana cikin tanadin da doka ta ce a yi."

Nas ta rubuta cewa rashin karin kumallo ne ya kayar da Hulkar, ko da yake mu shida muka ci gurasa da tumatir tare da ita da safen nan. Da yamma Tursunoy-opa ta zauna ta rubuta wasiƙa da rubutunta mai manyan haruffa, ta aika zuwa adireshin da ke can ƙasan shafi na goma sha ɗaya, inda ina jin ko wanda ya liƙa takardar bai taɓa kai idonsa ba.

Bayan sati uku aka sanar cewa sufeto zai zo ranar Alhamis. Ba mu taɓa ganin kamfaninmu ya yi ƙwazo irin na wannan satin ba. Aka zare ƙusoshin tagogi. Aka aro manyan fanka goma sha biyu daga gidan bikin da ke bayan kasuwa. Aka gyara ƙofar ɗakin hutu, aka kwashe kankana, aka sa gado biyu da tulun fure. Ranar Alhamis aka yayyafa wa ƙasa ruwa tun da asuba, aka ce kada wanda ya kunna dutsen guga sai an ba da izini, masu guga su riƙa ninke kaya kawai. Aka tsara a yi awo ƙarfe takwas da rabi, daga nan a wuce da baƙo gidan shayi na bakin ruwa, inda aka riga aka yanka rago.

Sufeton sunansa Yodgor, siririn mutum mai gilashi, cikin baƙar kwat da laƙtaye, da wata 'yar na'ura a jaka. Ya zagaya tare da darakta, fanka goma sha biyu suna kaɗa masa gashi, ya auna nan ya auna can, ya samu ashirin da shida. Ya yaba ɗakin hutu. Aka tafi da shi cin rago. Muka dubi Tursunoy-opa muna jiran ta ce wani abu, amma ta ci gaba da ninke kwat kamar ba da ita ake ba. Wata ma ta ce ashe dai opa ta tsorata.

Motarsu na fita aka ba da izinin kunna guga, don tirela tana jiran kaya a waje. Masu gidan biki kuma suka zo suka kwashe fankarsu, suna da ɗaurin aure da yamma. Abu ɗaya Eshkobil-aka ya manta, ko kuma bai taɓa karantawa ba: rahoton sufeto ba ya cika sai wakiliyar ma'aikata ta karanta ta sa hannu a gabansa. Sufeton ne ya tuna, bayan sun ci sun ƙoshi. Ƙarfe biyu da kwata ya dawo shi kaɗai da direba, darakta da mataimakinsa suna can suna kishingiɗe a bakin ruwa. Ya ce minti ɗaya kawai zai yi.

Tursunoy-opa ta tarbe shi da hannu a ƙirji, ta goge masa kujera a tsakiyar ɗakin guga, tsakanin tebur huɗu masu aman tururi. Ta ce baƙo ba ya tsayawa a tsaye a gabanta, mahaifiyarta ba ta koya mata haka ba. Ta kawo shayi ta zuba masa ɗan kaɗan a gindin kofi, yadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa, don a riƙa ƙara masa. Ta tambaye shi garinsu. Ashe daga gundumar kakarta yake. Ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, da ta mahaifinsa, da yara, ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ta roƙe shi ya fito da na'urar nan tasa ta gani, don ita tun tana yarinya take son ma'auni. Ya fito da ita ya ajiye a tebur. Sannan ta ɗauki rahoton, shafi shida, ta ɗora yatsa a kan kalmar farko.

Mu muna leƙe ta saman bangon katako, ƙafafunmu a kan keke. Tana karantawa a hankali, in ta zo kalmar da ba ta gane ba sai ta tambaye shi, in ya yi bayani ta gode ta ƙara masa shayi. A shafi na biyu ya sassauta laƙtaye. A na uku ya cire kwat. Shinkafa da kitsen ragon da ya ci suka shiga nasu aikin, gumi yana bin gilashinsa, farar rigarsa ta manne a bayansa har ana ganin singileti. Sau biyu ya yunƙura zai tashi, sau biyu ta miƙa masa kofi da hannu biyu, ɗan mutunci kuwa ba ya ƙin karɓa daga hannun sa'ar uwarsa. A shafi na biyar ya ce kansa yana juyawa.

"Opa, don girman Allah ki sa hannu."

"Zan sa, ɗana. Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. A nan ka rubuta ashirin da shida. Wannan ta gabanka kuma ta ce arba'in da uku, ga hatimi a jikinta. Ni ba ni da ilimi sosai. Wacce zan bi?"

Ya dubi na'urar, ya dubi Hulkar da ke guga a gefensa da jiƙaƙƙen tawul a ka. Tursunoy-opa ta ƙara da cewa ta ga shafi na tara na waccan takardar ya ce a yi awo lokacin da rana ta fi zafi, injuna suna aiki, amma wataƙila ita ce ba ta fahimta ba. Ya cire gilashinsa ya goge. Daga nan ya ninke rahoton ya cusa a aljihu, ya ciro sabuwar takarda ya soma rubutu, gumi yana ɗiga a kanta. Da ya gama ta karanta wannan ma daga farko har ƙarshe kafin ta sa hannu, sannan ta raka shi ɗakin hutu ya kwanta a sabon gadon na rabin awa. Shi ne mutum na farko da ya taɓa hutawa a kansa.

Mun yi murna ranar, har wasu suka yi rawa a layin keke. Mun ɗauka daga gobe ƙarfe biyu za a riƙa tashi. Bayan wata guda amsa ta zo, darakta kuma ya nuna mana ba a banza ya zama darakta ba. Tun da an tabbatar ɗakin guga yana da zafi, sai aka sauya masa suna a takarda, ya koma Sashe Mai Haɗari. Irin wannan sashe an san shi da zafi, saboda haka ƙa'idar talatin da biyu ba ta hau kansa ba. Abin da ya hau kansa shi ne a ba kowace ma'aikaciya rabin litar madara kullum, don ta wanke haɗarin. Mu masu keke kuwa ba mu samu komai ba, don ba a yi awo a layinmu ba, kuma taswira ta nuna akwai bango tsakaninmu da su. Taswira ba ta san bangon bai kai rufi ba.

Madarar kan iso ƙarfe bakwai, kafin goma ta yi tsami. Kwana biyu suna zubarwa, a na uku Tursunoy-opa ta zo da ƙullin kindirmo da jakar yadi. Suka riƙa haɗa ta wuri ɗaya ta kwana, su tace, su sa gishiri, su dunƙula, su shanya a kan kwanon rufi, inda rana ke busar da ita cikin wuni biyu. Wannan busasshen cukun na ɗakin guga, wanda muke kira kurut, ya yi suna har masu gadi suna roƙo. Eshkobil-aka da kansa ya aiko a ɗiba wa matarsa. Abu biyu dai muka samu na gaske: an shafe rufin da farar ƙasa, don yana cikin umarnin sufeto kuma ba shi da tsada, tagogi kuma suka zauna a buɗe, don da aka zo mayar da ƙusoshin an neme su an rasa. Ban taɓa tambayarta ba, amma na san a watan ne ta gyara akurkin kajinta.

Sai sanyi ya zo, irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Iskar gas ta yi rauni a duk garin, bututun ɗumama ɗaki ya yi sanyi kamar hancin kare. Tsohon ma'auninta ya nuna takwas a layinmu. Muna ɗinka rigunan shan iska da safar hannu da muka yanke wa yatsu, numfashinmu yana hayaƙi, allura tana shiga yatsa mutum bai ji ba sai ya ga jini a yadi. Ga kwat ɗin da suka rage daga zafi jibge a sito, amma an hana ma'aikaci saka kayan kamfani. A barandar darakta kuwa an kawo abin ɗumama ɗaki na lantarki an ajiye daidai ƙarƙashin ma'auni mai hatimi, yana nuna ashirin da biyu. Eshkobil-aka ya faɗa a taro, da alfahari, cewa kamfaninmu ne kaɗai a gundumar da yanayinsa bai canza ba shekara guda cur.

Nan fa Sashe Mai Haɗari ya zama aljannar duniya. Waɗanda da suke tausaya wa masu guga suka koma yi musu fadanci. Tursunoy-opa ta tsara mana layi, biyar-biyar, minti goma kowace awa, mu shiga mu miƙa hannu a kan tururi. Ta sa aka kwaso bulo daga rusasshen bangon baya, ta riƙa jera su a kan tukunyar tururi su yi zafi, kowa ta naɗe nata a tsumma ta sa ƙarƙashin ƙafa. Eshkobil-aka ya zo ya ce haramun ne wanda ba a rubuta sunansa ba ya shiga wuri mai haɗari, yana yi mana tsoron lafiyarmu. Bayan kwana biyu lantarkin bene ya ƙone, muka tarar da shi a tsakiyar haɗarin ya juya wa tukunya baya. Tursunoy-opa ta miƙa masa bulo, ya karɓa ya cusa cikin riga.

Ta sake rubuta wasiƙa. Wannan karon darakta bai jira sufeto ba. Aka binciko cewa duk wadda ta yi shekaru masu yawa a Sashe Mai Haɗari tana da haƙƙin yin ritaya da wuri, da cikakken fansho, kuma zalunci ne a ci gaba da tauye wa Tursunoy-opa wannan haƙƙi. Aka shirya mata bikin girmamawa. Darakta ya yi jawabi ya kira ta uwar kamfani, Eshkobil-aka ya miƙa mata takardar yabo da jan fure da kofunan shayi shida, har da share ido. Ta tsaya a gaban kowa ta karanta takardar yabon har ƙasa, ta nuna musu sun rage mata shekara ɗaya a lissafin aikinta, ta ce za ta jira a gyara. Sai da aka buga sabuwa aka ci abinci.

An zaɓi 'yar ƙanwar matar Eshkobil-aka a gurbinta, wadda teburinta yake barandar bene, ko tashi ba ta yi in za ta duba ma'auni. Sufeto ya zo cikin watan da itatuwa ke fure, ya samu komai daidai. Amma Hulkar ta haddace shafi na tara, ta kuma koya wa sababbi, kuma tun daga lokacin duk wadda jiri ya ɗiba kai tsaye ake sauka da ita ƙarƙashin bene, ba a sake kulle ƙofar ba. Yanzu ma a tsakiyar zafi ƙarfe biyu muke tashi, ko da yake ba doka ce ta sa ba, lokacin ne ake ɗauke wuta a unguwarmu.

Tursunoy-opa kuwa ba ta iya zama haka nan ba. Ta sa an gina mata tanderu a tsakar gida, tana gasa gurasa tana sayar wa unguwa. Na gaya mata ta gudu daga tururi ta faɗa wuta, ta ce wannan wutar ita ke hura ta, ita ke kashe ta. Tana farawa bayan sallar asuba, ƙarfe tara ta rufe bakin tanderu, ta shimfiɗa katifa ƙarƙashin rumfar inabi. Ranar wata Lahadi ina wajenta muna shan shayi, rana ta take, wani ya yi ta buga ƙofa yana cewa baƙi ne suka sauka masa, gurasa goma kawai yake so, zai ƙara kuɗi. Ko tashi ba ta yi ba. Ta ɗaga murya daga inda take kwance ta ce ya yi haƙuri ya dawo gobe da sassafe, shugabar kamfani ta duba gari ta ce an tashi.